Ɗigon Jini da Ƙwan Tsutsa: Littafin Aikina na Damina

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Yau na ciro madubin likita daga kabad. Hajiya in-caj ta ce tun da aka kawo ta asibitin nan yake kulle, ba ta taɓa ganin wani ya leƙa shi ba. Ƙura kam ba a magana, har zanzaro ya yi gini a kusurwar akwatin. Idanunsa huɗu masu ƙara girman abu suna nan, mai lamba 4, da 10, da 40, da 100. Fumfuna ta ɗan ci gefen na 40, amma tsakiyarsa garau.

Asibitinmu ɗan ƙarami ne, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, ba nisa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Gwaji ɗaya muke yi, ɗan katin maleriya na RDT. Wanda aka ce a duba bayan gidansa sai ya hau mota zuwa Gombe, kuma a cikin goma da wuya biyu su je. Sauran kemis suke wucewa, su ce a haɗa musu na "maleriya da taifot". Ciwon kai maleriya da taifot ne, ciwon ciki haka, kasala ma haka.

Niyyata in fara da jini, in hannuna ya faɗa sai in shiga bayan gida. Oga, wanda ya koya mini aikin nan a Kaltungo, yanzu ya yi ritaya yana zaune a Gombe, shi ya ce in riƙa rubuta komai, har da abin da ya ɓaci. Wai wanda ba ya rubuta kuskurensa sau biyu zai yi shi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ƙwan fitilar madubin ya mutu, Nepa kuma sai dai labari. Wani mai gyaran waya a Gombe ya saka mini ƙwan tocilan fari, ya haɗa shi da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Na sa 'yar farar leda a samansa don hasken ya baje. Yana aiki.

Laraba, 25 ga Yuni

Kwana uku ina ɓata gilasai.

Ga yadda aikin yake ga wanda bai sani ba. A huda ɗan yatsa, a goge ɗigon farko. A gefe ɗaya na gilas a ɗiga jini a baza shi ya yi faɗin farcen babban yatsa, kaurinsa daidai yadda za ka iya karanta rubutun jarida ta cikinsa kafin ya bushe. Wannan shi ne mai kauri. A ɗaya gefen a sa ɗan ƙaramin ɗigo, a ja shi da bakin wani gilas ya yi shafe siriri mai jela kamar harshe. Siririn ake tsomawa a metanol don ƙwayoyin jini su tsaya da siffarsu. Mai kaurin ba a yarda metanol ya taɓa shi, ko tururinsa, domin so ake jajayen ƙwayoyin su fashe a cikin rini, a bar farare da ƙwayoyin cutar a fili. Mai kauri shi ke cewa akwai ko babu. Siririn shi ke faɗin wane iri ne.

Rinin Gimsa na dama kashi 10 cikin 100, minti goma, kamar yadda aka koya mana. Da na leƙa, komai ya yi shuɗi dunɗum kamar an fito da shi daga marina. Ba ja ko ɗis. Na zargi rinin, na zargi madubin, sai da na buga wa Oga.

"Da wane ruwa ka dama?"

"Na bohol, ranka ya daɗe."

Ya yi shiru, irin shirun da ya fi zagi ciwo. Gimsa ruwa mai ma'aunin pH 7.2 yake so. In ruwan ya karkata wajen tsami komai ja zai yi, in ya karkata wajen kanwa komai shuɗi. Na san wannan, na ci jarabawa a kansa, amma da na zo gaban tebur sai na ɗebi ruwan da ke kusa. Jiya na sayo tataccen ruwa da ƙwayar da ake jefawa a lita ɗaya ta daidaita shi.

Sai kuma ƙudaje. Na shanya gilasai shida a kan taga na je sallar azahar, na dawo na tarar sun lashe jinin tas, sun bar mini zane-zane. Yanzu rariyar tankaɗe na aro a gidan Baba mai gadi, ina kifawa a kansu.

Talata, 1 ga Yuli

Na gan ta.

Yarinya 'yar shekara shida, jiki kamar garwashi, amai tun daren jiya. Na ɗiga man madubi, na sauke ido mai lamba 100, ban wuce fili biyu ba (fili shi ne abin da ido ke gani a leƙe ɗaya) sai ga ƙwayoyin maleriya birjik: ɗigon ja ƙarami, da ɗan zobe shuɗi a manne da shi, kamar ɗan kunne. Wasu ɗigo biyu gare su. A siririn shafen na ga jajayen ƙwayoyin ba su kumbura ba, wasu zobba biyu a ciki, wani ya lafe a gefe kamar an liƙa shi. Falsifaram ke nan, wadda ta fi yawa a ƙasarmu kuma ta fi kisa.

Na ƙirga da tsakuwa a gwangwani biyu, tunda ba ni da abin dannawa. Fararen ƙwayoyin jini 200, ƙwayoyin cuta 310. A ninka 310 da 8,000, wato adadin fararen ƙwayoyin da ake ɗauka suna cikin maikirolita ɗaya, a raba da 200: 12,400 a kowace maikirolita ta jini. Hajiya ta fara mata magani nan take.

Na kira uwar na ce, "Inna, zo ki ga abin da ke damun 'yarki." Ta rufe ido ɗaya ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago ta ce, "Wannan 'yan mitsi-mitsin ne suka kayar da ita?" Daga nan ta tofa addu'a a gefen madubin. Ban hana ta ba, amma na goge bayan ta fita.

Da dare na yi ta tunanin Laveran, likitan sojan Faransa da ya fara ganin wannan ƙwaya a 1880 a garin Kustantin na Aljeriya. Ba rini a hannunsa, ɗanyen jini ya duba ya ga abu yana motsi. Shekaru aka ɗauka manyan likitoci suna musa masa. Ni da rini da littafi mai hotuna ma sai da gabana ya faɗi.

Litinin, 14 ga Yuli

Yau ce rana mafi wuya tun da na fara, kuma ba a kan madubi wuyar take ba.

Wani dattijo ya zo, mai mutunci, da takardu uku a aljihun babbar riga, duk daga wani ɗakin gwaji na kuɗi a birni. Kowace an rubuta MP, wato ƙwayar maleriya, da alamar tarawa ɗaya. Wata huɗu yana shan maganin maleriya, ciwon kai bai bar shi ba. Na yi masa kati, layi ɗaya, wato babu. Na yi gilas. Ƙa'ida ita ce kada ka ce babu sai ka duba fili 100 na mai kaurin. Na duba 100, na ƙara 100 don girmansa. Fiye da kwata na awa ina sunkuye. Babu.

"Baba, ban ga maleriya a jininka ba."

"Yaro, madubinka ne dai bai gani ba. Na birni da yake sabo ya gani har sau uku."

Me zan ce? Na san yadda ake samun wannan alama ɗaya. Wani lokaci ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne, ɗaya ta hau kan jar ƙwaya, ido mai gaggawa ya ɗauke ta zobe. Wani lokaci dattin rini ne da ba a tace ba. Wani lokaci kuwa, Allah ya yafe mana, ba a ma leƙa ba, an san dai mutum ya biya kuɗinsa kuma ba ya son ya koma gida da takardar da ta ce babu komai. Alama ɗaya ba ta ɓata wa kowa rai. Mai gwaji ya huta, mai kemis ya yi ciniki, marar lafiya ya samu sunan da zai kira ciwonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta daɗe da barin ba da shawarar wannan lissafi na alama ɗaya, biyu, uku, ta fi son a ƙirga a rubuta adadi, domin "ɗaya" ta wani "biyu" ce ta wani.

Abin da Oga ya dasa mana shi ne, kafin ka kira abu ƙwayar maleriya sai ka ga jan ɗigo da shuɗin jiki tare, a wuri ɗaya, da siffar da ta dace. In ɗaya kawai ka gani, wuce.

Na rubuta "ba a ga ƙwayar maleriya ba", na sa hannu. Hajiya ta karɓe shi, ta ce, "Baba, miƙo hannunka tukuna." Ta ɗaura masa abin awon jini sau biyu, ta dube ni. Hawan jini ne, ya yi sama ƙwarai. Ta rubuta masa takarda zuwa Gombe. Ya karɓa, bai yi mini sallama ba.

Akasin wannan ma yana faruwa. Katin RDT wani sinadari yake kamawa wanda falsifaram ke zubarwa a jini, kuma sinadarin kan yi makonni bai gushe ba bayan magani ya kashe cutar. Yaro ya warke, mura ta kama shi bayan sati biyu, kati ya nuna layi biyu, a sake ɗura masa magani. A nan gilas ne kaɗai ke raba gardama.

Laraba, 23 ga Yuli

Ruwa ya zauna, sauro ya samu gari. Gilas goma zuwa sha biyar nake yi a yini. 'Yan ƙasa da shekara biyar sun ɗan yi sauƙi, ana bi gida-gida duk wata ana ba su maganin rigakafin damina. Waɗanda suka haura biyar su ke cika mana benci. Yau na ga ƙwayar maleriya mai siffar ayaba karo na farko, wadda sauro ke ɗauka ya kai wa wani.

Talata, 29 ga Yuli

Na shiga bayan gida, kuma na gane karɓo shi ya fi duba shi wuya.

Mun je wajen mai unguwa, shi ya haɗa mu da Malam mai makarantar allo. Malam ya saurare ni har na gama, ya ce, "To likita, kashin almajiri kuma me za a gani a ciki?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, sai ka zo da kanka ka leƙa." Muka raba 'yan robobi masu murfi da tsinke, na yi bayani: kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, na safe, kada ya taɓa ƙasa, kada fitsari ya shiga.

Washegari wani ya kawo nasa a kwalin ashana, rabi ƙasa. Wasu 'yan gida ɗaya su uku suka kawo robobi uku, launi ɗaya, tauri ɗaya, har ɓawon waken iri ɗaya. Da na matsa, ƙaramin ya ce, "Yaya ne ya yi mana duka, mu bai zo mana ba." Malam ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ɗigon ruwan gishiri a gefe ɗaya, ɗigon aidin a ɗaya gefen, a dama ɗan kaɗan, a rufe da siririn gilas, a fara da ido mai lamba 10. Ƙwan macijin ciki shi ya fara yi mini maraba, ruwan ƙasa, jikinsa gurje-gurje kamar gwandar daji. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a yini, shi ya sa ba ya ɓuya. Na tsutsar bulala kamar ƙwallon dabino da aka toshe bakinsa biyu. Na tsutsar ƙugiya kuwa ɓawonsa siriri ne, fari tas, sai ka rage haske kake ganinsa. Ita ce mai shiga ta tafin ƙafa, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini, har ka ga yaro ya yi fari fat, tafin hannunsa kamar takarda.

Malam ya zo da la'asar ya leƙa. Bai ce komai ba sai "Subhanallahi", sau uku.

Laraba, 6 ga Agusta

Na yi ɓarna.

Oga ya aiko mini da kayan Kato-Katz, don in daina cewa "akwai" kawai, in faɗi yawansu. Ana tace kashin ta 'yar raga, a cika ramin wani ɗan faranti da ke ɗaukar miligiram 41.7, a rufe da leda da ta kwana a gilisarin mai koren rini, a danna ya baje. Abin da ka ƙirga ka ninka da 24, ka samu yawan ƙwai a giram ɗaya.

Na shirya gilasai da safe, sai aka kawo mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, duk muka koma can. Ban waiwayi gilasan ba sai bayan la'asar. Na duba, macijin ciki yana nan, bulala tana nan, ƙugiya ko ɗaya babu, har a wajen yaran da na ga ƙwanta da idona makon jiya. Da ban san su ba da na rubuta babu, da zuciya ɗaya. Gilisarin ne ya cinye su: ƙwan ƙugiya minti 30 zuwa 60 kawai yake jurewa, daga nan ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Wannan "babu" ta ƙarya ce, ita ma, kamar "akwai" ta wancan ɗakin gwajin. Sai na sake roƙon yara su kawo.

Talata, 12 ga Agusta

An sake, wannan karon da agogo a gabana, gilas biyar-biyar. Wani yaro ɗan shekara tara na ƙirga masa ƙwan ƙugiya 96, wato 2,304 a giram. Daga 2,000 zuwa 3,999 matsakaici ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 4,000 zuwa sama mai tsanani. Bai taɓa mallakar takalmi ba. Hajiya ta ba su maganin tsutsa, albendazol, miligiram 400, kowa ya tauna a gabanta, shi kuma ta ƙara masa maganin ƙarin jini.

A cikin masu zawo na ga jiyadiya, wata ƙwayar cuta ta hanji, da ranta, tana juyi tana gangarowa kamar busasshen ganye. Mutumin Holan ɗin nan mai sayar da yadi, Lewanhuk, a zawon kansa ya fara ganinta a 1681. Amiba ce ba na saurin yanke mata hukunci. Mai kawo atuni tana da 'yar uwa da ba ta cutar da kowa, kuma a madubi kamarsu ɗaya sak. Sai in kashin da ɗuminsa ne, cikin rabin awa, ka gan ta tana miƙa ƙafa da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta, sannan ka ce ita ce. In ba haka ba sunan biyun nake rubutawa, Hajiya ta haɗa da abin da ta gani a jikin marar lafiya.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ban yi niyyar taɓa fitsari ba, ƙwai ne ya ja ni. A gilas ɗin wani saurayi mai aikin shinkafa na ga wani ƙato, dogo, da ƙaya a gefe. Tsargiyar hanji. Na tambayi almajiran ko akwai mai ganin jini a ƙarshen fitsari, sai hannuwa suka tashi ana 'yar dariya. Wani ya ce ai alamar girma ce, duk namiji sai ya yi.

Na karɓi fitsarinsu tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. Ba ni da injin juyawa, sai na bar shi ya kwanta na zuƙo na ƙasa. Ga su nan, su kuma ƙayarsu a ƙarshe take, ba a gefe ba. Bilharz, likita Bajamushe, a Alƙahira ya gano tsutsar a 1851, a bakin wani kogin da shi ma ake noman rani.

Na yi wa Malam wani abu da Oga ya taɓa nuna mana. Na ɗiga ruwa mai tsabta a kan ƙwan, muka jira. Can sai abin ciki ya fara motsi, ɓawon ya tsage, wata 'yar halitta mai gashi-gashi ta fito tana iyo da gudu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, katantanwa take nema. In yaro ya yi fitsari a ruwa, haka take fita. Ta shiga katantanwa ta yi makonni, ta fito da yawa, ta huda fatar wanda ya shiga wanka." Ya ce, "To a hana su rafi?" Ni da shi mun san ba mai iya hana yaro rafi a garin da wanki da wanka da kamun kifi duk a can ake yi. Mun dai tsaya a kan a yi fitsari kafin a sauka. Maganin tsargiya, firazikwantel, an ba su gwargwadon tsayi, da sandar awo, bayan sun ci abinci, domin a cikin yunwa yana juya kai.

Laraba, 3 ga Satumba

Sati uku bayan albendazol na sake dubawa. Macijin ciki ya tafi. Ƙugiya ta ragu ƙwarai. Bulala tana nan a wajen wasu, ita dama ƙwaya ɗaya ba ta cika kawar da ita ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Na kai wa Oga gilasai goma ya duba a makance, biyar da na ce babu, biyar masu ƙwaya kaɗan, na rufe sakamakon a ambulan. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya fito da nasa madubin, ya yi awa biyu bai ko dube ni ba.

Takwas mun yi daidai. Ɗaya da na ce babu, ya samo zobba uku a can gefe, inda ɗigon ya yi siriri. Ɗayan na ce falsifaram, ya kira ni ya nuna mini ƙwayar ta miƙe ta ratsa jar ƙwayar jini kamar ɗamara. Malariye ce, mai zazzaɓin da ke dawowa bayan awa 72.

Na farkon ne ya hana ni cin tuwon da aka kawo. Na duba littafina: mace ce mai ciki, ranar kasuwa, gilas na goma sha huɗu. Na san ban cika fili 100 ba. Oga ya ce, "Ka yi wa dattijo 200 don yana da babbar riga, ita ka yi mata nawa?" Daga zauren na buga wa Hajiya. Ta ce matar ta dawo bayan kwana biyu da zazzaɓi, kati ya nuna, an ba ta magani, tana lafiya.

Na yanke wa kaina: bayan gilas goma sai na tashi na huta ido, kuma tsakuwa ɗari zan riƙa jefawa a gwangwani, fili ɗaya tsakuwa ɗaya.

Laraba, 24 ga Satumba

Wani magidanci mai tundurmi a ƙafar hagu. 'Ya'yan tsutsar da ke kawo shi sai dare suke fitowa cikin jini, tsakanin ƙarfe goma da biyu, lokacin da sauro ke cizo. Baba mai gadi ya riƙe mini tocila na ɗebi jinin da sha ɗaya. Ban ga komai ba, kuma ban yi mamaki ba, domin in ƙafa ta riga ta kumbura haka sau da yawa ba a samun su. Na gaya masa rashin ganin bai canza sunan ciwon ba. Hajiya ta koya masa wanke ƙafar da sabulu kullum, da tsane tsakanin yatsu, da ɗaga ta in zai kwanta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, ana yankan shinkafa. Gilasan jini sun ragu zuwa huɗu ko biyar a yini.

Dattijon nan ya zo ranar Alhamis, ba don kansa ba, jikansa ya kawo. Ya ce, "Likita, a duba shi da madubin nan naka." Bai ambaci wancan zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na ga kwalin maganin hawan jini yana leƙowa daga aljihunsa. Jikan yana da maleriyar, 4,200 a maikirolita.

Yaron mai ƙugiya na gan shi da silifas, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya kore, Malam ne ya haɗa masa. Masai ɗaya ne har yanzu a makarantar, shi ma ya kusa cika, don haka a Janairu zan sake karɓar robobi.

Gimsa saura kamar kwata na kwalba, metanol ya ƙare jiya, ledar Kato-Katz saura ta mutum ashirin. Hajiya ta ce za ta sa su a takardar buƙatu ta wannan wata. Ƙanwarmu mai aikin allurar rigakafi ta fara koyon shafa jini, siririn nata har yanzu ba ya yin jela, tana danna gilas da ƙarfi. Kafin hunturu ya shigo da ƙura ina buƙatar akwati mai murfi na shanya, rariyar kuma matar Baba mai gadi ta aiko sau biyu a mayar mata.